Katin tarot don nazarin kai: ina amfanin yake, ina ramin yake?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗiya mace ce, shekarata 26, ina zaune Mabera. Lokacin da nike bautar ƙasa a Legas wata abokiyar zamana ta ba ni kyautar katin tarot, da wani ƙaramin kwali na katin da suke kira orakul, masu ɗauke da kalmomi irin su haƙuri da yafiya. Ta ce ita ba duba take yi da su ba, kowace safiya takan ja guda ta kalli hoton, ta yi tunani kan rayuwarta, ta rubuta. Na gwada, kuma wallahi na ji sauƙi, don ni mai yawan tunani ce kuma ba ni da wanda nike faɗa ma damuwata. To amma tun da maganar aurena ta taso na lura ina jan katin sau ukku sau huɗu a yini, kuma ranar da na jawo wanda aka zana ƙwarangwal bisa doki ban runtsa ba. Don Allah akwai amfani na gaskiya ga wanga abu, ko kaina nike ruɗi? In kuma na bari, mi zan kama?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya saka miki da alheri da kika faɗi abin yadda yake, har da daren da kika kasa barci, domin a wannan daren ne rabin amsarki take.

In na fahimce ki, abu uku kike tambaya a dunƙule. Sauƙin da kika ji na gaske ne ko ruɗi ne, me ya sa abin da ya fara da kati ɗaya da safe ya koma huɗu a yini, sannan me zai maye gurbinsa in kin ajiye. Aikina sauraron mutane ne da taimaka musu su warware abin da ya cunkushe musu a zuci, ilimin halayyar ɗan Adam na karanta, ban zauna gaban malamai na haƙƙaƙe fiƙihu ba. Saboda haka ba fatawa zan ba ki ba. Amma ni Musulma ce da ke zaune a Sakkwato kamar ke, kuma ba zan yi miki magana kamar addini yana can waje yana jiranmu mu gama ba.

Amsata a gajarce ita ce: sauƙin da kika ji na gaske ne, sai dai ba katin ne ya ba ki shi ba. Kuma za ki iya riƙe sauƙin ki saki katin.

Daga wasan karta zuwa hannun masu duba

Yana da kyau ki san abin da ke hannunki, saboda yawancin kwarjinin da katin nan yake da shi daga labarin da ake ba shi ne, cewa wai tsohuwar hikima ce ta Fir'aunonin Masar. Tarihi bai goyi bayan wannan ba.

Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma masana tarihin wasan sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamluk ta ƙetara. Har yau akwai ragowar irin waccan karta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, da gidajenta huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan folo. Wajen shekarar 1440 sai masu sarauta a arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, suka sa aka ƙara wasu katuna masu hotuna a kan kartar da aka saba, don wasan ya ƙara armashi. Daga nan tarot ya samo siffar da kika sani: kati 78, guda 56 a gidaje huɗu masu sha huɗu-huɗu, sai manya 22 masu hotuna irin su Wawa, Sarki, Rana, Hasumiya da Mutuwa. Sama da shekara ɗari uku wasa kawai ake yi da shi, kamar yadda samari ke buga karta a bakin titi. Har gobe a Faransa da Austriya akwai masu buga shi a matsayin wasa, ba ruwansu da duba.

A 1781 ne wani marubuci a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya ga ana wasan ya ce ai wannan ɓoyayyen littafin malaman tsohuwar Masar ne. Ki lura, a lokacin babu wani mahaluƙi a Turai da ke iya karanta rubutun tsohuwar Masar, sai a 1822 wani masani ɗan Faransa, Champollion, ya warware shi. Ke nan mutumin ya yi da'awa ne a kan abin da ba shi da hanyar sani. Amma maganar ta yi farin jini, wani mai duba da ake kira Etteilla ya kama ta, ya fitar da kati na musamman don duba. Wanda aka fi yayi a yau, kuma daga bayaninki shi ne a hannunki, an buga shi a Landan a 1909. Arthur Edward Waite ne ya tsara, wata mai zane Pamela Colman Smith ta zana, dukkansu 'yan wata ƙungiyar asiri ce mai suna Golden Dawn. Abin da ya sa nasu ya yi fice shi ne ta zana wa kowane kati ɗan labari, har ƙananan: zuciya da takubba uku suka soke ta ana ruwan sama, mutum ya juya baya ya bar kofuna takwas yana tafiya cikin dare. Hotuna ne da duk wanda ya kalla zai ga kansa a ciki.

Shi kuwa orakul ba shi da ƙa'ida. Kowa na iya zana nasa, ya sa adadin da ya ga dama, ya rubuta kalmomin da yake so, ya kai kasuwa.

Na kawo wannan ne don ki ga cewa ƙwarangwal ɗin da ya hana ki barci, kati na 13, zanen wata baiwar Allah ne da ta yi aikinta aka biya ta, aka kai maɗaba'a aka buga dubbai. Bai san sunanki ba, bai san an kawo kuɗin gaisuwarki ba.

To me ya sa kika ji sauƙi?

Ki tuna yadda safiyarki take a waccan lokacin. Kina samun wuri ki zauna shiru. Kina ajiye waya. Kina kallon abu ɗaya, kina tambayar kanki abin da ke damunki, kina rubutawa. Ƙanwata, mace nawa ce a garin nan take samun minti goma irin wannan a yini? Daga sallar asuba sai shara, sai ɗora tukunya, sai shirin yara ko na ƙanne, sai aiki. Ke kin ware wa zuciyarki lokaci, kuma zuciya in aka saurare ta takan lafa. Wannan shi ne kaso mafi girma na sauƙin.

Na biyu shi ne rubutun. A 1986 wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai, minti 15 kowace rana har kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji a ransu sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. An maimaita irin wannan bincike sau da yawa, kuma abin da ya fito shi ne amfanin yana nan, ko da yake matsakaici ne, ba ya maye gurbin magani. Damuwar da ba ta da suna tana cika ƙirji ne kamar hayaƙi a ɗakin girki. In kika sa mata suna a takarda, kin buɗe taga.

Na uku shi ne hoton, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ne mutane suke ruɗewa. Hoton da bai fayyace kansa ba, mai kallo ne yake cika shi da abin da ke ransa. Masana halayya sun daɗe da sanin haka. Hermann Rorschach ya fitar da zanensa goma na ɗigon tawada a 1921, Henry Murray da Christiana Morgan kuma suka fito da nasu gwajin a 1935, inda ake nuna wa mutum hoto a ce ya ba da labarin abin da ke faruwa. Har yau masana na jayayya kan ko waɗannan gwaje-gwaje sun isa a gano ciwo da su, amma babu mai musun cewa mutum yakan zuba kansa a cikin hoto.

Ni kaina ina aiki da wannan. A ɗakin da nake ganin mutane akwai wani tsohon gwangwanin alewa cike da hotunan da na yanko daga kalandu da mujallu: jaki da kayan itace, ƙofar zaure a rufe, kwalekwale a gulbi, tukunya a kan murhu babu wuta, yarinya da tallan fura, rijiya da guga. Wata matar aure ta taɓa zuwa wurina, muka yi zama biyu ba ta ce komai ba sai "lafiya lau, gajiya ce kawai". A zama na uku na zazzage gwangwanin a kan tabarma, duk hotunan suna kallon sama, na ce ta ɗauki wanda ya yi kama da ita a wannan makon. Ta daɗe tana jujjuya su da ɗan yatsa. Sai ta ɗauki tukunyar nan. Na ce me ta gani. Ta ce, "An aza ta, an manta ba a hura wuta ba, kuma kowa na jiran tuwo." Daga nan hawaye suka zo, maganar shekara shida ta fito. Hoton bai san komai game da gidanta ba. Ita ce ta sani, hoton ya ba ta inda za ta ratsa ta faɗa ba tare da ta ce "mijina" ko "uwar mijina" ba, abin da kunya da tarbiyya ba za su bar ta ta fara da shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa fassarar katin take zama kamar da ke aka rubuta ta. A 1948 wani malamin jami'a, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Ya ce su auna dacewarta da su daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai wajen 4.3. Alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga wani ɗan littafin taurari ya tsinto jimlolin: kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Wa zai ce ba shi ba ne? Ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin tarot da irin wannan harshe aka rubuta shi. Kuma zuciya tana riƙe ranar da kati ya dace, ta manta ranaku goma da bai dace ba. Da wannan ne boka yake ci, da wannan ne mai bugun ƙasa yake ci, tun kafin katin ya iso garinmu.

A buɗe ko a kife

Yanzu ki koma kan tabarmata ki duba abu ɗaya. Hotunan a buɗe suke. Matar ta gan su duka, ita ta zaɓa, kuma in an tambaye ta dalili tana da amsa: wannan ne ya yi kama da ni. Ke kuwa katinki a kife yake. Kina cakuɗawa, ki ja wanda ba ki gani ba, ki juya. Kuma daga lokacin da kika juya, wata tambaya takan shigo zuciya ko ba ki gayyace ta ba: me ya sa wannan ne ya fito mini yau? Wa ya zaɓa mini shi?

A ganina duk maganar a nan take. Abokiyarki ta ce ba duba take yi ba, kuma na yarda da niyyarta. Amma kifewar ita ce ƙofar da duba yake shigowa. In da gaske hoton kawai ake so don tunani, me zai hana a shimfiɗa su a buɗe a zaɓa? Abin da ke sa kifaffen ya fi daɗi shi ne ɗan bugun zuciyar nan kafin a juya, jin cewa wani abu daga waje zai yi magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce wannan.

Ga ma'aunin da nake ba mutane. Ki saurari tambayar da kike yi kafin ki ja. In ta kasance "me nake ji, me nake tsoro, me nake gudu", kina cikin nazarin kai. In ta koma "me zai faru, zai riƙe ni amana, auren zai yi albarka, me ke ransa game da ni", kin fita, kin shiga neman sanin gobe da sanin zuciyar wani. Ki faɗa wa kanki gaskiya, sau huɗun nan da kike ja tun da maganar aure ta taso, wace iri ce? Na tabbata ba tambayar farko ba ce, don wadda ke son sanin abin da take ji ba ta buƙatar tambaya sau huɗu. Mai neman tabbaci ce take maimaitawa. Kati mai kyau ya fito, hankali ya kwanta na awa biyu, shakka ta dawo, a sake ja. Mara kyau ya fito, a ce bari a sake ko an yi kuskure. Kowane ja yana koya wa zuciya cewa ba za ta iya zama da rashin sani ba sai an ba ta alama, kuma haka damuwa take ƙiba. Irin wannan zagayen nake gani wurin masu waswasin alwala, da masu duba wayar miji, da masu caca. Ba laifin hankalinki ba ne, haka tarkon yake kama kowa.

Ta fuskar addini kuwa, abin da ya zo a nassi a fili yake, kuma kin san shi tun a Islamiyya. Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam, ɗaya an rubuta a yi, ɗaya kada a yi, ɗaya babu komai. Mai niyyar tafiya ko aure sai ya sa hannu a jaka ya jawo wadda bai gani ba. Alƙur'ani ya hana wannan a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90. A Suratun Namli aya ta 65 Allah Ya ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. A ƙasar nan tamu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu yana sukar masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da lissafin taurari. Ki dubi siffar azlam ki dubi hannunki a kan kifaffen kati kina tunanin aure. Ni dai kamannin ya yi mini yawa. Hukuncin wadda ta ce ita hoto kawai take kallo, wannan ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini. Amma ko a ma'aunin aikina kaɗai, abin da ya hana ki barci ya riga ya tashi daga magani ya koma ciwo.

Masu harkar za su ce miki katin Mutuwa ba mutuwa yake nufi ba, sauyi ne, ƙarshen wani abu da farkon wani. Haka littattafansu suka ce. Sai dai ƙarfe biyun dare, mace ita kaɗai a ɗaki da maganar aure a kanta, zuciya ba ta karanta littafi. Ƙwarangwal take gani.

Katin orakul mai kalmar "haƙuri" ko "yafiya" ya fi sauƙin illa, tunda babu hoton tsoro. Amma in a kife kike jan sa kina jiran saƙo, hanyar ɗaya ce.

Abin da za ki kama

Ba zan ce ki bari kawai in tafi ba. Wanda aka karɓe wa sanda ba a ba shi wata ba, zai koma ya ɗauko ta.

Ki riƙe lokacin nan naki, kada ki sake shi ko da wasa. Nazarin kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunansa muhasaba. Suratul Hashri aya ta 18 ta ce kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta shi da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a yi sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna a yi lissafi. Duk wanda ya taɓa ganin mai shago a Tsohuwar Kasuwa yana ƙirga cinikin yini kafin ya ja ƙofa ya san abin da ake nufi. Ki sami littafin rubutu. Bayan azkar ɗin safe ki rubuta layi biyu: yau me nake ɗauke da shi, kuma wane abu ɗaya ne nake son in kiyaye. Bayan isha'i ki rubuta amsar tambaya uku: yaushe raina ya ɓaci yau kuma me ya zo kafin nan, me na yi da na ji daɗinsa, me nake kaucewa. Minti goma ya isa. In kina tsoron a karanta, ki rubuta ki yaga, amfanin yana cikin rubutawar.

In hoto ne yake buɗe miki baki, ki yi gwangwaninki. Ki tara hotuna ashirin ko talatin na rayuwar da kika sani, ko ki ɗauka da wayarki: gulbin Rima da rani ya ja baya, raƙumi a Kara, inuwar dogon yaro da azahar, tsohuwa tana kaɗi. Ki shimfiɗa su a buɗe, ki zaɓa da idonki, ki rubuta dalili. Haka ma karin magana. Ki rubuta waɗanda kika ji a bakin kakarki, ki karanta su duka, ki ɗauki wadda ta taɓa ki yau. Ranar da hannunki ya tsaya kan "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo", ki tambayi kanki wane yoyo ne kike ɓoyewa. Ranar da ya tsaya kan "ruwa ba ya tsami banza", ki tambayi me ya sauya. Sharaɗin ɗaya ne, kada ki kife, kada ki rufe ido ki ja. Ko ayoyin Alƙur'ani ne, kada ki mai da buɗe Mus'hafi da ka ya zama hanyar neman alama, don zuciyar da ta saba da kati tana iya ɗaukar tsohon halinta ta kai shi can.

Maganar aure kuwa, wadda ita ce ainihin abin da ya tayar da ƙurar, tana da hanyoyinta. Ki ɗauki shafi guda ki raba biyu. A dama ki rubuta abin da kika sani game da mutumin nan da hujja: sallarsa, sana'arsa, yadda yake yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa mata magana, yadda yake in ransa ya ɓaci. A hagu ki rubuta abin da ba ki sani ba. Za ki ga na hagun kashi biyu ne. Akwai wanda bincike zai amsa, wannan aikin waliyyanki ne da yayyenki maza, kuma haƙƙinki ne ki ce a bincika, ki kuma yi masa tambayoyin da kanki. Akwai kuma wanda babu mai amsa shi sai Allah, kamar ko za a zauna lafiya shekara ashirin. Wannan na biyun shi kike ta kai wa kati. Wurinsa istihara: raka'a biyu na nafila da addu'ar da Bukhari ya ruwaito daga Jabir, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura. Ki lura da abin da addu'ar ta ƙunsa. Ba ta ce a nuna miki gobe ba. Cewa take in alheri ne a ƙaddara miki a sauƙaƙe, in sharri ne a kawar da shi a kawar da ke, a ba ki alheri inda yake, a sa ki yarda da shi. Ta fuskar aikina, wannan ita ce ƙwarewar da mai yawan tunani ya fi buƙata: ya yi iya nasa, ya iya kwana da abin da bai sani ba. Kuma ki yi da kanki. Wanda zai karɓi kuɗi ya ce zai kwana ya gano miki, kati ne shi ma, mai rawani.

Sai jimlar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki, cewa ba ki da wanda kike faɗa wa damuwarki. Wannan ya fi katin damuna. Kwali ya samu wuri ne saboda babu mutum a wurin. A garin nan ne Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajis, wato malamai mata, suna jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su zauna su koya, su koma su koyar. Ta gane cewa mace tana buƙatar wata mace da za ta zauna da ita. Ki duba cikin gwaggonninki da innoninki, ko malamarku ta Islamiyya, ko wata yaya da aka sani da riƙe sirri. Ba sai kin zazzage komai ranar farko ba. Ki gwada ta da ƙaramin abu ki ga ko zai dawo miki ta bakin wani.

Daga wasiƙa ɗaya ba zan iya auna zurfin damuwarki ba, sai na gan ki na ji muryarki. Amma ga alamun da in kin gan su kada ki tsaya ga littafin rubutu: rashin barci ko rashin cin abinci da ya wuce mako biyu, faɗuwar gaba da ba ta da dalili, kasa yin aikin da kika saba, jin kin kasa hana hannunki komawa ga katin ko da kin yi niyya, ko tunanin cewa gara ba kya raye. In ɗaya daga cikin nan ya same ki, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin tarayya da ke Kware. Na san yadda sunan Kware yake a bakin mutanenmu, amma da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida ko wurin aiki a ranar. Na ƙarshen nan kuwa, tunanin mutuwa, ba a kwana da shi, a ranar ake faɗa wa wani.

Kwalayen biyu, shawarata ki fitar da su daga ɗakinki yau, kada ki ce sai kin ji kin shirya, kuma kada ki ba wata. Kwanaki ukun farko hannunki zai riƙa nemansu, musamman in saurayin ya kira ko ya yi jinkirin kira. Duk lokacin da hakan ta faru, ki ɗauki biro ki rubuta tambayar da kika so yi wa katin, kalma da kalma, ki sa kwanan wata. Bayan mako biyu ki karanta su a jere. In kin ga dama ki turo mini su, mu duba tare wace ce ta waliyyanki, wace ce ta shi mai neman naki, wace ce kuma ta sallayarki.